Yaron da Aka Musanya da Doki: Nasiha Daga Rayuwar Bishop Ajayi Crowther

'Ya'yana, nawa ne kuɗin yaro ɗan shekara 12? Na san tambayar ba ta da daɗin ji, amma an taɓa yin ta, an kuma ba da amsa. A shekarar 1821, a ƙasar Yarbawa, wani basarake ya ba da wani yaro mai suna Ajayi ya karɓi doki. Bayan ɗan lokaci dokin bai yi masa ba, sai aka warware ciniki, aka mai da doki, aka dawo da yaro. Wannan yaron ne, bayan shekara 43, ya durƙusa a babbar majami'ar Canterbury ta Ingila aka ɗora masa hannu, ya miƙe a matsayin baƙar fata na farko da ya zama bishop a ɗariƙar Angalika. Sunansa Samuel Ajayi Crowther.

Yawancin masu ba da labarinsa a nan suke tsayawa. Mu ma haka aka koya mana muna yara: bawa ya zama bishop, a tafa, a rufe littafi. Sai da furfura ta fara fito mini na gane rabin labarin aka ba mu, kuma rabin da aka bari ya fi nauyi. Sau biyu aka wulaƙanta mutumin nan a duniya. Na farko yana yaro, a hannun waɗanda ba su san shi ba. Na biyu yana tsoho tukuf, a hannun 'yan'uwansa cikin bangaskiya, waɗanda kuwa samari ne, sa'o'inku. Abin da ya yi da ransa tsakanin wulaƙancin nan biyu, shi nake so mu duba tare. Da ku duka nake, masu zuwa coci ran Lahadi da masu zuwa masallaci ran Juma'a, domin halin kirki duk inda aka tsince shi ɗauka ake yi, ba a tambayar gidan da ya fito.

An haife shi wajen 1809 a wani gari da ake kira Osogun, cikin Jihar Oyo ta yanzu. Lokacin daular Oyo tana wargajewa, yaƙi ta ko'ina, farautar mutane ta zama sana'a. Wata safiya ana shirin karin kumallo sai aka ji kururuwa, mahara sun kewaye gari. Ajayi ya ruga da mahaifiyarsa da 'yan'uwansa mata biyu, ɗayar jaririya. Ba su yi nisa ba aka zarga musu igiya a wuya. Garin ya ci da wuta a kan idonsa, kuma bai sake ganin mahaifinsa ba. Ba a daɗe ba aka raba shi da uwar ma. Daga nan sai daga wannan hannu zuwa wancan, daga wannan kasuwa zuwa waccan, har aka kai ga musanya shi da taba da barasa. Shi da kansa ya rubuta daga baya cewa baƙin ciki ya taɓa kai shi ga yunƙurin kashe kansa, Allah bai nufa ba.

A watan Afrilun 1822 fataken Fotugal suka loda shi a jirgin ruwa a Legas tare da bayi sama da 180. Jirgin bai yi nisa ba jiragen yaƙin Ingila masu sintirin hana cinikin bayi suka tare shi. Ku dubi abin da tsoro yake yi wa ɗan Adam. Da yaron ya hau jirgin masu ceton nasa, ya ga tulin harsasan igwa, sai ya ɗauka kawunan abokan tafiyarsa ne. Ya ga naman alade a rataye, ya ɗauka namansu ne. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Haka aka sauke shi a Freetown ta ƙasar Saliyo, ba uwa, ba uba, ba wanda ya san gidansu.

Ku riƙe wannan: a cikin waɗanda suka kama shi akwai masu amsa sunan Musulmi, waɗanda suka saye shi don su ƙetarar da shi teku kuwa masu amsa sunan Kirista ne. In dalilin ƙiyayya ake nema, yana da shi ta gabas, yana da shi ta yamma. Da ya zauna yana lissafin abin da aka yi masa, ba mai ganin laifinsa. Sai ya duƙufa kan abin da ke gabansa. Cikin wata shida ya iya karanta Sabon Alkawari. Ya koyi kafinta. Aka yi masa baftisma a Disambar 1825, ya ɗauki sunan wani limamin coci na Landan, Samuel Crowther. A 1827 sunansa ne na farko a rajistar Kwalejin Fourah Bay. Ya auri Asano, wadda aka sa wa suna Susan, ita ma 'yantacciyar baiwa, suka yi zaman aure na kimanin shekara 50.

Da ya girma yakan ce ranar da aka kama shi ranar baƙin ciki ce, amma ya koyi ganin albarkar da Allah ya fitar daga cikinta. Wannan bai wanke masu cinikin bayi ba, domin har ya mutu yana yaƙar cinikin. Irin kallon da Yusufu ɗan Yakubu ya yi wa 'yan'uwansa ne a Masar: mugunta tasu ce, amma ƙarshen labari a hannun Allah yake. Muna da karin magana mai cewa rama cuta ga macuci ibada ne. Na ji ta a bakin samari da yawa, musamman waɗanda rikici ya taɓa gidajensu, kuma ba na raina ciwonsu. Sai dai a shekarun da na yi a duniya ban taɓa ganin wanda ramuwa ta warkar ba. Na ga waɗanda ta cinye.

Kada ku zaci da sanyin hali aka haife shi. Yana saurayi, yana koyarwa a Saliyo, jininsa a tafashe yake kamar naku. Wata rana ya ga wani ɗalibinsa ɗan Musulmi da laya a jikinsa, sai ya tsinke ta, ya ce ya mai da ita gida. Uban yaron ya zo a fusace. Malam Ajayi ya ce a tara dattawa a yi muhawara. Ya zo da Littafi Mai Tsarki da fassarar Alƙur'ani ta Turanci, hujjojinsa a jere kamar kibau cikin kwari. Aka yi, aka tashi, ba wanda ya gusa ko da taku ɗaya. Da bakinsa ya ba da wannan labari bayan ya tsufa, domin daga nan ne ya gane cewa gardama tana iya rufe wa mutum baki, amma ba ta buɗe masa zuciya.

Ku gwada wannan saurayi da dattijon da ya shiga fadar Sarkin Ilori a 1872. Malamai da fadawa sun cika wuri, aka yi ta jefo masa tambayoyi masu zafi a kan Yesu Almasihu. Bai ɓoye abin da ya gaskata ba, bai kuma zagi abin da suka gaskata ba. Kowace tambaya, sai ya buɗe Littafi ya karanta musu wurin da ya amsa ta, ya fara da inda Mala'ika Jibra'ilu ya zo wa Maryamu da albishir, domin ya san suna girmama Jibra'ilu da Maryamu. Ya kuma nuna musu addu'ar da Kirista suke yi wa mai mulkin ƙasar da suke ciki. Aka rabu cikin mutunci. Ku da kuke kwana kuna zage-zage a Facebook da sunan kare addini, ku tambayi kanku: cikin dukan waɗanda kuka kunyata, mutum nawa ne ya matso kusa da Allah saboda ku? Mai bangaskiya ta gaske ba ya bukatar ihu. Yana iya faɗin nasa a fili, ya saurari na wani, su sha ruwa a moɗa ɗaya.

Hanyar da ta kawo shi ƙasarmu ta ruwa ce. A 1841 gwamnatin Ingila ta aiko jiragen ruwa uku su hau kogin Kwara, aka haɗa Crowther da wani Bajamushe ɗan mishan, James Frederick Schön. Zazzaɓi ya yi wa Turawan kaca-kaca, kimanin 40 suka mutu. Abin da aka koya daga wannan asara shi ne, in Bishara za ta shiga cikin Afirka, 'yan Afirka ne za su kai ta. Sai aka kira Crowther zuwa Ingila, aka naɗa shi limamin coci a 1843. Mu masu karatu da Hausar boko akwai zaren da ya ɗaure mu da tafiyar nan. Schön ya riƙe Hausa har ƙarshen ransa: ya buga littafin kalmominta a 1843, ƙamus a 1876, ya fassara sassan Littafi Mai Tsarki, aikin da wasu suka ɗora a kai har aka sami cikakken Littafin da Hausa a 1932.

A 1846 yana aiki a Abekuta, sai labari ya iso cewa mahaifiyarsa tana raye, a wani gari kusa. Shekara 25 rabonsu da juna. Ku tsaya ku ga wannan da idon zuci. Tsohuwa ta shigo tana rawar jiki. Yaron da aka fizge daga hannunta ya zama magidanci mai 'ya'ya. Suka riƙe juna, suka kasa magana, sai kallo da hawaye, tana kiransa da sunayen da ake kiransa da su yana ƙarami. Bayan shekara biyu aka yi mata baftisma, ta ɗauki sunan Hannatu, wato sunan uwar Annabi Sama'ila. Ta yi tsawon rai har ta ga ɗanta ya zama bishop. Duk wata uwa da ke zaune yau tana jiran ɗan da aka sace mata a hanya ko a makaranta, wannan tsohuwa 'yar'uwarta ce. Allah ya share musu hawaye kamar yadda ya share mata.

Babban aikinsa kuwa ba mai ƙara ba ne, aikin kunne ne da alƙalami. Mutumin da ya iya Turanci har ya tsaya gaban Sarauniya Biktoriya a 1851 ya karanta mata Addu'ar Ubangiji da Yarbanci, shi ne kuma yake zama da tsofaffi yana sauraron yadda suke sarrafa magana, yana rubuta kalmomi da karin magana. Bai ware kowa ba, har malaman Musulmi da masu bin addinin gargajiya yakan saurara, domin kalmar da ta dace yake nema, ko a bakin wa take. Shi ya jagoranci fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Yarbanci, kuma rubutun Yarbanci na yau a kan harsashinsa yake tsaye. Ya fitar da littafin koyon karatu da harshen Ibo a 1857, na Nupe a 1860, da nahawun Nupe a 1864. A 1862 gobara ta tashi a gidansa na Legas, ta lashe takardun da ya shekara 11 yana tarawa. Ya sake ɗaukar alƙalami ya fara daga farko.

Wani abu makamancin wannan ya faru a 1857, sa'ad da jirginsu mai suna Dayspring ya daki dutse kusa da Jebba ya nutse. Suka maƙale a bakin kogi wata da watanni suna jiran wani jirgi. Wani zai kira wannan ɓata lokaci. Shi a nan ya zauna ya kama koyon Nupanci yana ƙulla zumunci da mutanen wurin. Ina tuna wannan duk lokacin da na ga matashi ya gama makaranta, aiki bai samu ba, ya shekara uku a kan benci yana zagin gwamnati. Zagin yana iya zama da hujja, amma shekarun ba sa dawowa. Haƙurin da nake yaba wa a rayuwar mutumin nan mai aiki ne, hannunsa ba ya zama banza yayin da yake jira. Irinsa ne ake cewa yana dafa dutse. Ku kuma lura da girman da ya ba harshen uwa. In kun raina Hausarku, ko Tarok, ko Bura, ko Gbagyi, don kun iya Turanci, ku sani wanda ya fi ku Turanci ya ƙare ransa yana yi wa harsunan mutane hidima.

Ran 29 ga Yuni 1864 aka naɗa shi bishop, Jami'ar Oxford ta ba shi digirin girmamawa. Cikin taron akwai Henry Leeke, hafsan jirgin yaƙin da ya cece shi shekara 42 da suka wuce. Henry Venn, sakataren ƙungiyar mishan ta CMS, shi ya dage a kan naɗin, domin ra'ayinsa shi ne ikilisiyar Afirka ta ciyar da kanta, ta mulki kanta, ta yaɗa kanta. Tun ran nan akwai Turawan mishan da suka ƙi su zauna ƙarƙashin baƙin mutum. Crowther ya koma kan kogi, daga Boni zuwa Anaca, daga Anaca zuwa Lakwaja, da ma'aikata kusan duk 'yan Afirka, da kuɗi kaɗan. A 1867 wani basarake a yankin Idah ya yi garkuwa da shi da ɗansa yana neman fansa, har wani jami'in Ingila ya rasa ransa wajen kuɓutar da su. Wannan ma bai raba shi da kogin ba.

Ga shaidar da ta fi burge ni. Ya yi ta zuwa Bida, ya saba da sarkin Nupe, Etsu Masaba, yana kai gaisuwa yadda ake kai wa sarki. A tsakiyar shekarun 1880, da barasar Turawa ta fara lalata mutanen Nupe, Etsu Maliki ya sa aka rubuta wasiƙa da Hausa don a miƙa wa Crowther, ya kira shi uba, ya roƙe shi ya kai kukansu ga Sarauniyar Ingila a hana shigo da ita. Sarki Musulmi, a tsakiyar malamansa, da ya nemi wanda zai amince wa da damuwar talakawansa, sai ya tuna da bishop, kuma bishop ɗin da aka taɓa musanya shi da barasar. Irin wannan amana ba a sayenta, ba a kuma samunta ranar da ake bukatarta. Shekaru ake yi ana tara ta, da cika alkawari da kame baki.

Yanzu mun zo rabin da ba a koya mana ba. Venn ya rasu a 1873, zamani ya juya. Turawa sun sami maganin zazzaɓi, sun daina tsoron kogi, kamfanin cinikinsu ya mamaye Kwara yana ture 'yan kasuwa baƙaƙe. Ra'ayin cewa baƙin mutum bai isa shugabanci ba ya shiga har cikin coci. Wajen 1880 aka zare ragamar kuɗin mishan daga hannunsa. Gaskiya kuma ɗaya ce, dole in faɗe ta: akwai ɓaraka a aikin. Wasu ma'aikatansa sun shiga ciniki sun bar kiwon garke, wasu sun yi abin kunya, har an sami mummunan laifin da ya ci ran wata yarinya a Anaca. Tashoshin suna nesa da juna, tsohon kuma mai taushin zuciya ne, ya fi son ya ja kunne ya sake ba da dama a kan ya kora. Wannan rauni ne, kuma ya biya shi da tsada. In Allah ya ba ku shugabanci, ku sani tausayin da ba ya tsawatarwa yakan zama zalunci ga marasa ƙarfi.

A 1890 wata ƙungiyar samari ta iso daga Ingila, da niyyar kai Bishara ƙasar Hausa. Jagororinsu Graham Wilmot Brooke, ɗan shekara 25, da John Alfred Robinson. Kada ku ɗauke su miyagu. Sun bar jin daɗin ƙasarsu, sun sa riga da rawani, sun zauna a Lakwaja suna koyon Hausa, a shirye suke su mutu saboda abin da suka gaskata. Amma da suka dubi aikin da aka shekara fiye da 30 ana yi, ba su ga komai ba sai datti. A watan Agustan shekarar aka yi taron kwamiti a Anaca. A gaban tsoho mai shekara kimanin 80, aka yi ta dakatar da fastocin da shi ya naɗa da hannunsa, ba tare da an bar masa ta cewa ba. Har ɗansa Dandeson, wanda yake babban limami, aka dakatar a kan idonsa. Mutumin da ya fara hawa kogin nan tun ba a haifi ko ɗaya daga cikinsu ba, aka mai da shi kamar baƙo a gidansa.

Bai la'anci kowa ba. Ya sauka daga kwamitin, ya kare mutanensa ta hanyar rubutu cikin ladabi, ya ci gaba da shirin yadda ikilisiyoyin bakin teku za su tsaya da ƙafarsu ba tare da sun ɓalle ba. Shanyewar jiki ta same shi a 1891, ya rasu a Legas ran 31 ga Disamba na shekarar, bayan shekara 48 yana limanci, 27 daga ciki yana bishop. Samarin fa? Robinson ya riga shi, ya rasu a Lakwaja a tsakiyar 1891. Brooke ya bi a farkon 1892. Ba su kai ga Kano ba. Aka ba Bature kujerar Crowther, aka yi kusan shekara 60 kafin ɗan Najeriya ya sake riƙe dayosis na Angalika da kansa. A 2014, wajen bikin cika shekara 150 da naɗinsa, Babban Bishop na Canterbury na lokacin, Justin Welby, ya tsaya a majami'ar da aka naɗa shi ya furta tuba a kan abin da aka yi masa. Gaskiya takan yi jinkiri, amma ba ta ɓata hanya.

Abin da ya sa wannan labari ba ya barina in yi barci shi ne, ni ma na taɓa tsayawa inda samarin nan suka tsaya. Ina da shekara ashirin da 'yan kai, ina cikin shugabannin matasa a wata ƙaramar ikilisiya. Fastonmu tsoho ne, karatunsa bai yi zurfi ba, wa'azinsa a hankali, littafin baikonsa a hargitse. A taron ikilisiya na miƙe da takarda a hannu, na jera kurakuransa ɗaya bayan ɗaya, har na gyara masa lissafi a gaban matarsa da jikokinsa. Duk abin da na faɗa gaskiya ne. Ya saurare ni har na gama, ya cire tabaransa da aka ɗaure da zare, ya goge shi da bakin riga, ya ce, "Na gode, ɗana. Ka zo gobe ka taya ni gyarawa." Ban je ba. Kunyata shi na zo yi, na kuma gama.

Sai ranar jana'izarsa na san ko wane ne. Mutane suka yi ta fitowa daga ƙauyukan da ban san da su ba. Wannan ya ce shi ya biya masa kuɗin makaranta daga amfanin gonarsa. Waccan ta ce shi ya kwana a ƙofar ɗakinsu lokacin da kowa ya guje su saboda cuta. Limamin masallacin garin ya zo da jama'arsa, suka tsaya a rana har aka gama. Tsohon keken da nake gani a jingine a bangon coci, ashe shi ya shekara 40 yana zaga waɗannan wurare. Na ga kuskuren da ke cikin littafinsa, ban ga aikin da ke bayansa ba. Abin da babba ya hango daga zaune, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Har yau ina roƙon gafarar Allah a kan "goben" da ban je ba.

Don haka, 'ya'yana, ban ce ku ga ɓarna ku yi shiru ba. Ikilisiya da masallaci da ƙasa duk suna bukatar idonku mai kaifi, gyara kayanka kuwa bai taɓa zama sauke mu raba ba. Amma kafin ka tsaya a kan aikin dattijo, tambayi yadda wurin yake kafin ya zo. Same shi a ɗaki kafin ka same shi a taro. In ka zo da zargi, ka zo da hannun taimako tare da shi. Ka kuma binciki zuciyarka, domin kishin addini da girman kai sukan sa riga iri ɗaya, mai su ma ba ya rarrabe su. Samarin Lakwaja suna da ilimi, suna da himma, suna da gaskiya a wasu abubuwan. Ladabi suka rasa, garin gyaran gira suka tsone ido.

Ku kuma da kuke ɗaya gefen, waɗanda aka cuta, aka raba ku da gida, aka danne muku haƙƙi don ba ku da kowa, ku dubi yaron Osogun. Kuɗin da aka yi muku a kasuwar duniya ba shi ne darajarku ba. Basaraken nan ya auna Ajayi da doki, bai san abin da ke hannunsa ba. Samarin taron Anaca sun auna shi da kurakuran ma'aikatansa, su ma ba su san wanda ke zaune a gabansu ba. Duka biyun kuskure ɗaya suka yi, sun yi wa mutum kuɗi. Shi kuwa ya gaskata cewa Almasihu ya riga ya fanshe shi da abin da ya fi doki da taba da kujerar bishop, shi ya sa igiyar wuya ba ta mai da shi maƙiyin kowa ba, wulaƙancin tsufa kuma bai fitar da shi daga gidan Ubangijinsa ba.

Gobe da safe za ku wuce almajiri a bakin titi, ko yaron da ke tura baro a kasuwa. Za ku kuma wuce wani tsoho a bencin baya wanda ba a ƙara tambayarsa shawara. Ku gaishe su da kyau, ba ku san ko su wane ne ba. In kuwa akwai dattijon da ya taɓa ce muku ku zo gobe, yana nan da rai, kada ku yi irin tawa. Ku tashi ku je yau.

Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zafin ƙuruciya tare da ladabi, ya sa ku gama da kyau.